Murtala Muhammed

Janar Murtala Ramat Muhammed (8 ga Nuwamba, 1938 – 13 ga Fabrairu, 1976) sojan Najeriya ne ɗan asalin Kano, wanda ya jagoranci runduna a yaƙin basasa, daga baya kuma ya shugabanci ƙasar na tsawon wata shida da 'yan kwanaki.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Kano. Ya yi makarantar Midil ta Kano, sannan Kwalejin Gwamnati ta Zariya wadda yanzu ake kira Barewa. Ya shiga aikin soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst da ke Ingila, kuma ya yi aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango.

Yaƙin basasa

Yana cikin jagororin juyin mulkin Yulin 1966. Da yaƙi ya ɓarke a 1967, aka ba shi Runduna ta Biyu, wadda ta ƙwato Benin daga hannun sojojin Biyafara. A watan Oktoba na shekarar, dakarun rundunar suka kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba, kuma har gobe mutanen garin na juyayin lamarin. Yunƙurinsa na haye kogin Neja da jiragen ruwa zuwa Onitsha ya jawo asarar sojoji masu yawa.

Mulki da rasuwa

Ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975 bayan kifar da gwamnatin Yakubu Gowon. Ya sallami dubban ma'aikatan gwamnati, ya mai da jihohi 19 daga 12, ya kuma amince a mayar da babban birni Abuja. Sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta sun harbe shi a Legas yana kan hanyar zuwa ofis, yana da shekara 37. An binne shi a Kano.

Abubuwan tunawa da shi

An sa sunansa ga babban filin jirgin saman Legas, da Asibitin Murtala a Kano, da Dandalin Murtala a Kaduna. Tun 1977 hotonsa ke kan takardar naira 20, shi ne kuma ɗan Najeriya na farko da aka sa a takardar kuɗin ƙasar. Motar da aka harbe shi a ciki tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas, da hujojin harsasai a jikinta.