Chari Maigumeri da Lambobinsa

Daga ƙasar Kano an ɗebi samari da yawa zuwa yaƙin Hitila. Idan akwai gida a Gaya ko Ajingi inda a ke ajiye lambar kaka a gindin akwati, ya kamata 'ya'yan gidan su san ma'anarta. Domin wannan za mu ba da labarin Chari Maigumeri, gama a ƙirjinsa an ga irin lambobin nan kusan duka.

Shi mutumin Barno ne. Ya shiga soja a Kamaru cikin 1913, sa'ad da ƙasar ta ke hannun Jamus. Da yaƙi ya tashi cikin 1914 ya yi faɗa da sojan Ingila, har Jamus suka ba shi lambarsu ta jaruntaka, watau Gicciyen Ƙarfe, baƙi mai bakin azurfa. Cikin 1915 garin Garwa ya faɗi, aka kama shi.

Cikin 1917 ya ɗauki kakin waɗanda suka kama shi, ya shiga rundunar Nijeriya. Aka kai su Afirka ta Gabas, ya yi yaƙi da Jamus ɗin da ya bauta wa dā. Bayan yaƙi bai tuɓe kaki ba. Ya yi ta hawa sannu sannu har ya zama babban samanja na Bataliya ta 3, shi ne kuwa uban dukan sojan bataliya.

Da yaƙi na biyu ya zo, bataliyarsa tana cikin waɗanda suka ci Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairu 1941, suka bi su har cikin Habasha. A wannan yaƙi ya sami Lambar Soja ta Ingila. Daga baya suka haye teku zuwa Bama, suka kara da Japan cikin kurmi da duwatsu. Can ma aka ambaci sunansa cikin takardun yabo, cikin 1944 kuma aka ba shi Lambar Daular Ingila.

To, lambobin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai taurari na tagulla masu tsini shida, kamar Tauraron Afirka da Tauraron Bama. Waɗannan shaida ce mutum ya je, ya sha wahalar wurin tare da 'yan'uwansa. Kada a rena su, gama da yawa sun je ba su komo ba. Lambar Soja kuwa ta azurfa ce, da kan sarki a jikinta. Sarki Joji na 5 ya kafa ta cikin 1916, a dā ba a ba da ita sai ga wanda ya nuna ƙarfin zuciya a bakin wuta. Lambar Daula kuma ta aikin kirki ce da riƙon amana.

Cikin 1953 ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Alsabatu. A shekaran nan ya bar aiki bayan shekara 36, aka ba shi girman kyaftin.

Wani zai ce, ina amfanin lambobin baƙi, tun da shi ke yaƙin ba namu ba ne? Gaskiya ne ba shi ya tada yaƙin ba, ba a kuwa shawarce shi ba. Amma mu lura, sarakuna biyu masu gāba da juna suka duba mutum ɗaya, shaidarsu ta zo daidai: ba ya gudu, ba ya yashe waɗanda ke ƙarƙashinsa. Sarautar Sarkin Jamus ta ƙare cikin 1918, mulkin Ingila a ƙasarmu ya ƙare cikin 1960, sunan Chari Maigumeri kuwa aka sa wa barikin soja a Lakwaja.

Saboda haka wanda ya gaji lamba kada ya sayar wa maƙeri, kada ya bar wa yara su yi wasa da ita. A tambayi tsofaffi labarin mai ita tun suna da rai, a rubuta sunansa da inda ya je, a ajiye tare da ita.