Tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan Kano na Haɓe. Ya hau gadon sarauta a shekara ta 867 daga Hijira, watau 1463 Miladiyya, ya rasu a 904, watau 1499. Littafin Tarihin Kano ya yabe shi da adalci da sani, ya kuma lissafta abubuwa 12 da ya soma a ƙasar.

Tun kafin zamaninsa Kano ta fara zama matattarar baƙi. Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji. Zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Zamanin Yakubu kuwa Fulani suka iso da littattafan tauhidi da lugga, gishiri ya yawaita. Saboda haka Rumfa ya tarar da gari mai malamai da fatake, sai dai yana bukatar tsarin da zai riƙe su.

Babban aikinsa ga sha'anin ciniki shi ne kafa Kasuwar Kurmi a tsakiyar birni, bakin Jakara. Da kasuwa ta samu wuri tabbatacce ƙarƙashin kulawar sarki, sai baƙo ya san inda zai sauke kaya, ya san wanda zai kai wa ƙara idan an cuce shi. Nan goron Gwanja ya gamu da gishirin Azbinawa, nan Larabawa suka sayi fatu da baƙin saƙi na marina. Ba a ɓoye kuma cewa har bayi an sayar a cikinta, har zuwa lokacin da aka hana wannan ciniki. Rumfa ya faɗaɗa ganuwa, ya kuma gina sabuwar fada, wadda ake kira Gidan Rumfa.

A ƙarshen zamaninsa, wajen 1492, Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Almagili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano. Sarki ya karɓe shi da girma. Da shawararsa aka sare itacen da masu tsafi suke girmamawa, aka yi ginin salla a gurbinsa. Shaihun ya rubuta wa sarki littafi a kan wajiban sarakuna, mai suna Tajuddini Fima Yajibu Alal Muluki. A cikinsa ya yi horo da kada sarki ya shamaki kansa daga talakawa, ya riƙa zama inda raunana za su iske shi. Ya bayyana hanyoyin da dukiyar baitulmali take halatta, da inda ake kashe ta. Ya haramta rashawa, da sayen sarauta, da ƙwace dukiyar mutane da sunan haraji. Daga Kano Shaihun ya tafi Gao wurin Askiya Muhammadu. Sharifan Kano suna jingina asalinsu ga Sidi Fari, wanda ya bari a birnin.

Ga sha'anin mulki, Rumfa ya kafa majalisar manya tara, Tara ta Kano, domin shawara da zaɓen sarki. Ya ba babanni manyan muƙamai, domin baba ba shi da ɗan da zai gadar wa, amanarsa ga sarki kaɗai take. Ta haka fada ta ƙarfafa a kan hakimai. Shi ya soma kakaki da figini da dawakin zage, shi ya soma kulle, ya tara mata masu yawa a fada. Mai hankali zai lura da cewa waɗannan al'adu na alfarma suna nisanta sarki da jama'a, alhali kuwa nasihar Almagili kusantar da shi take nema. Wannan ja-in-ja tsakanin kwarjinin sarauta da haƙƙin talaka ya daɗe a ƙasar Hausa bayansa.

A zamaninsa kuma aka fara yaƙi tsakanin Kano da Katsina. Shekara 11 ana gwabzawa, ba wanda ya rinjayi wani. Biranen biyu sun ci gaba da hamayya a kan hanyoyin fatauci na tsawon ƙarnuka.

Abin da ya shuka bai mutu da mutuwarsa ba. Bayan shekaru 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun kafa hujja da rubuce-rubucen Almagili a kan sarakunan zamaninsu. Watau nasihar da aka rubuta domin gyara sarautar Haɓe, ita ta zama ma'aunin da aka auna ta da shi. Da jihadi ya ci Kano, sarakunan Fulani suka zauna a Gidan Rumfa, Sarki Ibrahim Dabo wanda ya hau a 1819 ya raya da yawa daga tsoffin sarautu. Turawan Ingila sun ci birnin a 1903, su ma ta hannun wannan fada suka yi mulki.

Haka nan kasuwa. Baturen Jamus Barth, wanda ya zo a 1851, ya yi mamakin nisan da tufafin Kano suke kaiwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, ciniki ya juya daga sahara zuwa Ikko, gyaɗa ta shiga gaba, amma dillalai da fatoma da amanar da aka saba tun dā su suka ɗauki sabon cinikin. Har wa yau Kurmi tana ci, Gidan Rumfa kuwa shi ne fadar Kano.

Abin lura ga malami da falke shi ne, kasuwa ba ta tsayuwa sai da adalci, adalci kuma ba ya tsayuwa sai mai mulki ya saurari masu sani. Allah ya ji ƙan Muhammadu Rumfa, ya gafarta masa, amin.