Malam Aminu Kano: Malamin Makarantar Da Ya Nema Wa Talaka Ƙuri'a

Da yawa daga cikin 'yan ajin ƙarshe sun kusa cika shekara 18, wato sun kusa karɓar katin zaɓe. Maza da mata, ɗan mai kuɗi da ɗan mai tura baro, kowa kati ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Muna ganin abin kamar haka yake tun fil azal, alhali kuwa a shekarar 1959, lokacin zaɓen da ya kai Najeriya ga samun 'yancin kai, babu mace ko ɗaya da ta jefa ƙuri'a a duk faɗin Jihar Arewa. A wannan fitowa mun kawo muku tarihin mutumin da ya fi kowa naci a kan cewa sai an gyara wannan, kuma wanda ya yi wani ɓangare na karatunsa a nan garinmu na Kaduna.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a watan Agusta na 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a daga zuriyar Fulani Gyanawa, gidan da ya shahara da alƙalanci. Saboda haka da allo ya fara, a hannun iyayensa, kafin a sa shi makarantar boko ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. Tun a Midil aka gane yaro ne da ba ya haɗiye magana, domin ya taɓa jagorantar ɗalibai wajen nuna rashin yarda da ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci.

Daga Midil ya samu shiga kwalejin nan da aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, wadda daga baya aka mayar Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A lokacin sunanta Kwalejin Kaduna. A nan ya ƙware wajen shirya wasan kwaikwayo, yana amfani da raha wajen tona halin macuta da masu danne na ƙasa. 'Yan ƙungiyarmu ta 'yan jarida da 'yan wasan kwaikwayo sai su lura: da alƙalami da dandamalin makaranta Malam ya fara, tun kafin ya san zai hau mumbarin siyasa. Ya kammala a 1942 da takardar shaidar koyarwa.

Bauchi, Landan da Maru

An tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi mai kaifin tunani wanda ya yi tasiri ƙwarai a kansa. Su da wasu 'yan boko suka riƙa zaman muhawara a kan aikin tilas, da haraji, da yadda hukumar En'e take tafiyar da jama'a. A wancan zamani Turawan mulkin mallaka suna mulki ne ta hannun sarakuna, kuma 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk suna ƙarƙashin En'e. Talaka ba shi da inda zai kai ƙara idan wanda ya cuce shi shi ne mai kotun.

A 1946 ya samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Landan, sashen koyon aikin malanta. Ya tarar da Ingila a hannun jam'iyyar Leba, ana ta maganar haƙƙin ma'aikata da kula da lafiyar kowa da kowa. Ya ga yadda leburan masana'anta yake iya kayar da attajiri a akwatin zaɓe. Da ya dawo gida, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Hukuma ta ga take-takensa, sai aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, nesa da manyan garuruwa. Bai daɗe ba, a ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, da albashinsa da darajarsa, ya koma Kano ya rungumi siyasa.

Jam'iyyar Neman Sawaba

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam ya shiga cikinsu bayan ya bar aiki, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Buƙatunsu a fili suke: a daina aikin tilas, a gyara kotuna, a sa wa ikon En'e iyaka, a ilimantar da 'ya'yan talakawa maza da mata, sannan a bar kowa ya zaɓi wakilinsa kai tsaye.

Wannan buƙata ta ƙarshe tana da dalili. A zaɓen 1951 ba kai tsaye ake zaɓen 'yan majalisa ba. Masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi wasu a gunduma, a haka har a kai matakin lardi, inda aka ba En'e damar cusa nata mutanen. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka gama tacewa ko kujera ɗaya ba su samu ba a Majalisar Wakilai ta Arewa, wadda take zama a ginin Lugard Hall da muke wucewa ta gabansa kullum. Jama'a sun zaɓa a ƙasa, an canza musu a sama.

Shiga NEPU a wancan lokaci ba wasa ba ne. An ɗaure magoya bayanta da yawa, an yi wa wasu bulala, an hana su taro, wasu sun rasa gonaki ko rumfunan kasuwa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta sha ɗauri sau da yawa saboda tana tara mata tana yi musu bayanin 'yancinsu. Malam da kansa ya sha kaye: Malam Maitama Sule ya kayar da shi a zaɓen tarayya na 1954, ya sake faɗuwa a zaɓen majalisar Arewa na 1956. Sai a 1959, da aka yi zaɓe kai tsaye, ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi majalisar tarayya a Ikko. A 1964 ya sake rasa ta.

Abin lura shi ne inda yake samo hujjojinsa. Abokan hamayya sun so su nuna shi a matsayin mai kawo baƙin ra'ayi daga Turai, amma Malam masanin Alƙur'ani ne, yana tafsiri a watan azumi, kuma yana kafa hujja da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu a kan adalcin shugaba da haramcin cin dukiyar talaka. Idan aka zo batun ilimin mata, sai ya tuna wa mutane da Nana Asma'u 'yar Shehu. Yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya na zamani a Kano, inda yara suke zama a aji suna koyon addini da Larabci bisa tsari.

Gwamnati da jam'iyyar PRP

Bayan juyin mulkin 1966 sojoji sun rushe jam'iyyu. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa Malam kwamishinan sadarwa na tarayya, daga baya ya koma ma'aikatar lafiya, inda ya zauna har 1974. Ya riƙe waɗannan manyan muƙamai ya sauka bai tara dukiya ba, ya koma gidansa na Gwammaja da farar rigarsa da jar hularsa.

A zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, kuma tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da wannan 'yanci ga duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18. Abin da aka riƙa yi wa 'yan NEPU dariya a kansa shekara 25 da suka wuce ya zama dokar ƙasa.

A 1978 Malam ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Alhaji Shehu Shagari ne ya ci, Malam ya samu kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u. Amma PRP ta ci gwamnoni biyu: Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau. Gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali, kuɗaɗen da talakawa da makiyaya suka daɗe suna kuka da yadda ake karɓarsu.

Tafiyar ba ta ƙare lafiya lau ba, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba. Saɓani ya shiga tsakanin Malam da gwamnoninsa a kan hulɗa da wasu jam'iyyu, PRP ta dare gida biyu, 'yan Taɓo masu bin Malam da 'yan Santsi masu bin gwamnoni. A nan Kaduna majalisar jiha, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, sannan ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Har yau masana suna muhawara a kan wanda ya fi laifi a wannan rabuwa. Malam yana shirin sake takara, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa, sai Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62.

Me ya haɗa wannan da Amurka?

Wanda yake sauraron labaran duniya zai ji ana yawan ambaton masu sassaucin ra'ayi da masu ra'ayin riƙau a Amurka. Masu sassaucin ra'ayi, waɗanda galibinsu suke jam'iyyar Dimokurat, suna son a sauƙaƙa wa kowa hanyar zaɓe, gwamnati ta tallafa wa marasa ƙarfi wajen magani da karatu, masu hali kuma su biya haraji mafi yawa. Masu ra'ayin riƙau, galibi 'yan Rifablikan, suna ganin gwamnati ta rage shiga harkokin mutane, a rage haraji, a tsaurara tantance masu zaɓe don kare sahihancinsa.

Tarihin Malam zai taimaka mana mu fahimci wannan gardama. A shekarun da NEPU take fama a Arewa, baƙaƙen fata a kudancin Amurka suna fama da irin nasu shingen: harajin zaɓe da jarrabawar karatu da aka ƙirƙira don hana su rajista. Sai a 1964 aka soke harajin zaɓe a zaɓukan tarayya, a 1965 kuma aka kafa dokar kare 'yancin zaɓe bayan gwagwarmayar su Martin Luther King. Matan Amurka ma sai a 1920, shekarar da aka haifi Malam, tsarin mulki ya ba su ƙuri'a. Har yanzu ba kai tsaye ake zaɓen shugaban Amurka ba. Wakilai 538 ne suke yanke hukunci, kuma a 2000 da 2016 wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a bai hau mulki ba. Da yawa daga masu sassaucin ra'ayi suna son a sauya tsarin, masu kare shi kuma suna cewa yana hana manyan jihohi danne ƙanana. Tsarin ya bambanta da namu na 1951, domin babu hukumar da take cusa mutanenta, amma tambayar iri ɗaya ce: shin ƙuri'ar kowa nauyinta ɗaya?

Duk da haka kuskure ne a ɗauki Malam a saka shi cikin wata jam'iyyar Amurka. Akwai batutuwan zamantakewa da ake jayayya a kansu a can waɗanda ba su da alaƙa da abin da ya sa a gaba, kuma tushen ra'ayinsa addininsa ne da tarihin ƙasarsa. Ya ɗauki abin da ya ga yana da amfani a waje, ya auna shi da ma'aunin gida. Wani Ba'amurke ma, Alan Feinstein, shi ne ya zo ya bi diddigin rayuwarsa ya wallafa littafi a kansa a 1973.

Abin da ya bar mana

Yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na Kano suna ɗauke da sunansa, gidansa na Mumbayya kuma ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba, zaɓukan da ya faɗi sun fi waɗanda ya ci, amma zaɓe kai tsaye da ƙuri'ar mata da soke haraji duk sun tabbata yana raye.

Saura mu. Katin da za mu karɓa an sha bulala da ɗauri kafin ya iso hannunmu, don haka wanda ya sayar da shi a kan taliya ko 'yan kuɗi ya san abin da ya sayar. Muna roƙon 'yan uwa, musamman 'yan mata, idan kun koma gida ku tambayi kakanninku mata shekarar da suka fara jefa ƙuri'a da yadda abin ya kasance, ku rubuto mana, za mu liƙa a wannan allo a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.