Tarihin Hannah Ryggen, masaƙiyar Norway da ta tunkari Mussolini da Hitler da zare

Baƙon da ya je ƙasar Norway yawon buɗe ido, abin da aka fi nuna masa shi ne duwatsu, da mashigan teku masu zurfi, da rigunan sanyi na ulu, da kujerun katako masu kyan ƙira. To amma idan ya shiga gidajen adana kayan fasaha na biranen Trondheim ko Oslo ko Bergen, zai tarar da wasu manyan dardumai rataye a bango, wasu sun fi tsayin mutum, cike da fuskokin jama'a. A cikinsu akwai masunta da ke nitsewa a ruwa, akwai fursunoni, akwai kuma shugabannin ƙasashe da aka yi wa tonon silili. Duk aikin mace ɗaya ne, sunanta Hannah Ryggen, wadda ta shafe fiye da shekara 30 a wani ɗan ƙauye na bakin teku tana kaɗi, tana rini, tana saƙa da hannunta.

Haihuwa da tasowa

An haife ta ranar 21 ga watan Maris na 1894 a birnin Malmö da ke kudancin ƙasar Suwidin. Sunanta na gidan uba Hannah Jönsson. 'Yar talakawa ce, iyayenta da guminsu suke ci, kuma wannan tasowa ta bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ta yi karatun koyarwa, ta kama aikin malanta a makarantar firamare, ta yi shekaru tana yi. Sai dai zuciyarta ba a aji take ba. Idan an tashi daga makaranta sai ta tafi koyon zane wurin wani mai zane ɗan ƙasar Denmark mai suna Fredrik Krebs a garin Lund, haka ta yi ta yi har kusan shekara shida.

A 1922 ta je birnin Dresden na Jamus domin ta ga ayyukan manyan masu zane na Turai da idonta. A can ta haɗu da wani saurayi ɗan Norway, shi ma mai zane, Hans Ryggen. Suka yi aure, a 1924 kuma ta bar aikinta da ƙasarta ta bi shi garinsu, Ørland. A shekarar ce ta haifi 'yarsu ɗaya tilo.

Ørland wani yanki ne shimfiɗaɗɗe a bakin mashigin tekun Trondheim, iska ba ta daina kaɗawa a wurin. Suka zauna a wata 'yar gona da ake kira Rønnan, a gidan da babu famfo, babu lantarki sai bayan shekaru masu yawa. Suna kiwon shanu da tumaki da kaji, suna noma abin da za su ci. Matar da ta taso a birni ta koma tatsar nono da kwashe kashin dabbobi, sai abin da ya rage na lokaci take ba saƙa.

Yadda take aikinta

Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata saƙa, da kanta ta koya. Mijinta ne ya sassaƙa mata masaƙa ta katako. Komai daga tushe take farawa: a aske tumakin yankin, ta wanke gashin, ta taje shi, ta kaɗa shi ya zama zare, sannan ta rina. Launukanta daga jeji take samo su, daga ganyen bishiyoyi da ɓawonsu, da ciyayi, da gansakukar da ke fitowa a jikin duwatsu.

Shuɗin da aka fi saninta da shi kuwa daga baba yake, irin wanda marina suka sani. Bambancin shi ne, a marinar Ƙofar Mata ta Kano da toka ake haɗa baba, su kuwa mutanen karkarar Norway tun kaka da kakanni da fitsarin da ya kwana biyu suke jiƙa shi har ya nuna. Haka ita ma ta yi, har ta kan ajiye bokiti domin maza baƙi da suka zo gidan su ba da nasu gudummawar. Abin zai ba mai karatu ƙyanƙyami, amma fa shuɗin nan har yau bai koɗe ba.

Wani abin mamaki shi ne ba ta zana hoton a takarda ta sa a bayan zare ta bi, kamar yadda masu irin wannan saƙa suka saba. Hoton a kanta yake. Duk wanda ya san saƙa ya san wuyar hakan, domin daga ƙasa ake farawa a yi sama, layi bayan layi, kuma abin da aka wuce an wuce shi ke nan sai dai a warware. Darduma ɗaya kan ci watanni. A haka ta saƙa manyan dardumai kusan 100 a rayuwarta.

A zamanin, saƙa aikin mata ne na cikin gida, ana yi wa abin kallon ado kawai, furanni da tsuntsaye. Ita kuwa jaridu take karantawa, abin da ta karanta ya ƙona mata rai shi take sa wa a zare. Ta shiga jam'iyyar kwaminis ta Norway, ba ta kuma ɓoye ra'ayinta ba.

Bashi, da Habasha

Farkon shekarun 1930 tattalin arzikin duniya ya karye, manoma da masunta na yankinsu bashi ya yi musu katutu, ana ƙwace gonaki da jiragen kamun kifi. A 1933 ta saƙa wata darduma da ta sa wa suna kamun kifi a tekun bashi, inda ake ganin iyalai suna nitsewa, masu bin bashi kuma suna sama hankalinsu kwance.

A watan Oktoba na 1935 sojojin Italiya ƙarƙashin Benito Mussolini suka afka wa Habasha, har da iskar guba suka yi amfani da ita. Abin ya tayar da hankalin baƙar fata ko'ina, an yi tarukan nuna ɓacin rai a Legas da Akara, amma manyan ƙasashen Turai suka yi ta jan ƙafa. A can ƙauyen da ke kusa da ƙarshen arewacin duniya, matar da ba ta taɓa taka Afirka ba ta hau masaƙa a fusace. Dardumar da ta fito sunanta Etiopia. A ciki akwai Sarki Haile Selassie, a kusurwar sama kuma ga wani Bahabashe ya soke kan Mussolini da mashi.

An kai wannan darduma babban baje kolin duniya na birnin Paris a 1937, bikin da aka fara nuna shahararren zanen nan na Picasso kan ruwan bama-baman da aka yi wa garin Guernica na Sifaniya. Masu shirya bikin suka ji tsoron ɓata wa Italiya rai, sai suka naɗe ɓangaren da kan Mussolini yake domin kada a gani. Wato dai an karɓi aikinta, amma an toshe masa baki.

Wannan bai sa ta ja da baya ba. A 1936 ta riga ta saƙa wata a kan Carl von Ossietzky, ɗan jaridar Jamus da ya fallasa yadda ƙasarsa ke tara makamai a ɓoye, wanda 'yan Nazi suka jefa a sansanin azaba, aka kuma ba shi lambar zaman lafiya ta Nobel yana tsare. A cikinta ta saka Hitler da Göring da Goebbels ƙiri-ƙiri. A 1938 ta sake yin wata a kan Liselotte Herrmann, wata matashiyar uwa Bajamushiya da gwamnatin Hitler ta fille wa kai.

Lokacin da yaƙin ya iso ƙofar gida

Ranar 9 ga Afrilun 1940 Jamus ta mamaye Norway. Ørland, da yake wuri ne da ke tsare hanyar shiga Trondheim ta ruwa, ya cika da sojoji. Suka gina filin jirgin sama da sansanin manyan bindigogi, suka kawo fursunonin yaƙi suna yi musu aikin ƙarfi cikin yunwa da sanyi. Abin da take karantawa a jarida sai ga shi tana gani da idonta. Ana ba da labarin cewa duk da haka ta kan shanya dardumanta a waje, inda sojojin da ke wucewa za su gani.

Ranar 6 ga Oktoban 1942 Jamusawa suka kafa dokar ta-ɓaci a Trondheim, suka kama fitattun mutane goma suka harbe su a ranar domin su tsorata jama'a. Cikinsu har da Henry Gleditsch, shugaban gidan wasan kwaikwayo na garin. Ta saƙa wannan kisa cikin babbar darduma mai ɗauke da sunan ranar, alhali masu kisan na riƙe da ƙasar. A ciki ga Gleditsch kwance a hannun matarsa, ga Hitler na shawagi a sama da bindigogi, ga kuma ita da mijinta da 'yarsu cikin kwalekwale suna neman hanyar tsira. Da an yi bincike a gidan an gane me ke kan masaƙar, da wuya ta kai labari.

A 1944 aka kama mijinta bisa zargin taimaka wa fursunoni su tsere, aka kai shi kurkukun Grini kusa da Oslo. Ya zauna a can har yaƙi ya ƙare a watan Mayun 1945. A tsare, mai zanen da ya saba da furanni da fuskokin mutane aka tilasta masa zana ƙoƙon kan mutum a allunan gargaɗi. Ita ma ta saƙa wannan, da 'yarsu a kan doki ta zo fitar da shi. Hans ya dawo gida, amma lafiyarsa ba ta koma daidai ba. Ya rasu a 1956.

Suna bayan wuya

Bayan rasuwarsa ta koma Trondheim da zama. A nan ne aka ba ta aikin saƙa babbar darduma domin sabon ginin ofisoshin gwamnati a Oslo. Ta gama a 1958, ta sa mata suna muna rayuwa a kan tauraro: namiji da mace a tsakiya, shuɗi ya kewaye su. Makokin mijinta ne, kuma tunatarwa ce ga ministocin da za su riƙa wucewa ta gabanta kullum cewa rayukan mutane ne a hannunsu.

Daga nan duniya ta waiwayo ta. A 1962 aka yi babban nunin ayyukanta a Stockholm. A 1964 ta wakilci Norway a bikin fasaha na Venice, ita ce mace ta farko da ta yi hakan. A 1965 aka ba ta lambar girmamawa ta St. Olav. Tsufa bai sanyaya ta ba: a 1966, tana da shekara 72, ta saƙa jini a cikin ciyawa, a kan yaƙin Vietnam, inda ta sa shugaban Amurka Lyndon Johnson da malafarsa da karensa a gefen filayen da jini ke ratsawa. Ta rasu a Trondheim ranar 2 ga Fabrairun 1970.

Shekara 41 bayan rasuwarta, ranar 22 ga Yulin 2011, wani ɗan Norway mai tsattsauran ra'ayin ƙin Musulmi da baƙi ya tayar da bam a gaban wannan gini na gwamnati, sannan ya wuce tsibirin Utøya ya buɗe wa matasa wuta. Mutum 77 suka mutu. Dardumarta na rataye a zauren shiga ginin, bam ɗin ya yage ta daga ƙasa. Masu gyara sun ɗinke ta, amma tabon na nan ana ganinsa. Irin aƙidar da ta yi rayuwarta tana faɗa da ita ce ta dawo ta taɓa aikinta.

Ga mai son zuwa ya gani

Tarin ayyukanta mafi girma yana hannun gidan adana kayan ƙira da sana'ar hannu na Trondheim, mai suna Nordenfjeldske Kunstindustrimuseum, wanda aka kafa a 1893. Akwai wasu a babban gidan fasaha na ƙasa da ke Oslo, wanda ya buɗe sabon gininsa a 2022, ta Vietnam kuwa tana Bergen. Da yake ulu ba ya son haske mai yawa, kuma ana yawan aron dardumanta zuwa wasu ƙasashe, gara mutum ya bincika abin da ke rataye kafin ya kama hanya.

Daga Oslo zuwa Trondheim tafiyar kusan awa bakwai ce a jirgin ƙasa, ta kan tsaunukan Dovre. Garin tsoho ne, an kafa shi tun 997. Akwai babbar majami'ar Nidaros, da tsofaffin rumbunan katako masu launi-launi da ke tsaye a kan turaku a bakin kogin Nidelva, da unguwar Bakklandet mai ƙananan gidajen katako da shagunan masu sana'ar hannu.

Daga tashar ruwan garin, jirgin ruwa mai sauri na kai mutum Brekstad, babban garin Ørland, cikin kusan awa ɗaya. A can akwai cibiyar da aka sa wa sunanta. Ba nisa kuma akwai tsohon gidan sarauta na Austrått, da sansanin da Jamusawa suka bari, da ƙatuwar bindigar da suka ciro daga jirgin yaƙinsu na ruwa, wadda fursunoni suka sha wuyar kafa ta. Filin jirgin da aka fara a lokacin mamaya shi ne yau babban sansanin jiragen yaƙin Norway, ƙasar da ke cikin ƙungiyar NATO, wadda Hannah ta yi adawa da shigarta. Watannin Yuni da Yuli ne suka fi daɗin zuwa, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai. Amma ko a lokacin, a riƙe rigar sanyi, domin iskar Ørland ba ta san bazara ba.