Ibn Sina: Malamin da ya karanta littafi ɗaya sau 40 kafin ya gane shi

A yau filinmu na tarihin magabata zai leƙa ƙasar Buhara, domin mu kawo wa masu karatu labarin Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi, wanda duniya ta fi sani da Ibn Sina. Galibi an san shi da likitanci, amma mu abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ya koyi karatun littattafai masu wuya, matsalar da ke damun ɗalibanmu masu shirin jarrabawar Bak a darasin falsafa.

An haife shi wajen shekara ta 980 a ƙauyen Afshana, kusa da birnin Buhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani. Daga nan mahaifinsa ya sauki wani malami mai suna Natili a gidansu, ya fara koya masa manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, da lissafin Uklidis. Ba a jima ba yaron ya wuce malaminsa, ya ci gaba da karatu shi kaɗai.

A cikin tarihin rayuwarsa, wanda almajirinsa Juzjani ya adana mana, ya bayyana dabararsa. Duk hujjar da ya tarar a littafi sai ya warware ta a takarda, ya jera ginshiƙanta ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko da gaske suna kaiwa ga sakamakon da marubucin ya faɗa. In mas'ala ta cije masa sai ya tafi masallaci ya yi salla, ya roƙi Allah buɗi, da dare ya dawo gaban fitila.

Duk da haka akwai littafin da ya gagare shi, wato littafin Aristotal na Girka kan abin da ke bayan ɗabi'a. Sau 40 ya karanta shi har ya haddace, amma bai gane inda marubucin ya dosa ba, har ya fid da rai. Wata rana da la'asar, a kasuwar masu sayar da littattafai, wani dillali ya tallata masa wani ɗan littafi. Da fari ya ƙi, sai da dillalin ya nuna masa cewa mai littafin yana cikin buƙata, sannan ya saya a kan dirhami 3. Ashe na Farabi ne, wanda ya rasu a 950, kuma yana bayani ne kan manufar wancan littafi na Aristotal: binciken samuwa ita kanta da abin da duk samammu suka yi tarayya a kansa. Da ya gane tambayar da littafin ke son amsawa, sai abin da ya haddace ya buɗe masa. Washegari ya yi sadaka mai yawa don godiya ga Allah.

Bayan ya yi wa Sarkin Buhara Nuhu ɗan Mansur magani, aka ba shi izinin shiga ɗakin littattafan fada. Daga baya rikicin sarauta ya sa ya yi ta ƙaura. Ya riƙe waziranci a Hamadan, an tsare shi wata 4 a wani kurkuku, sannan ya koma Isfahan. A cikin wannan hali ya rubuta Al-Shifa kan falsafa, da Al-Ƙanun kan likitanci, wanda aka fassara zuwa Latin aka yi ta karantarwa a jami'o'in Turai har ƙarni na 17. Bai tsaya ga maimaita Aristotal ba, inda ya ga rauni ya gyara, ya kawo nasa. Ya rasu a Hamadan, ƙasar Iran, a 1037.

Shi ma bai tsira daga suka ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙalubalance shi a mas'aloli 20 cikin Tahafutul Falasifa, har ya ɗauki 3 daga ciki a matsayin kafirci. Sai dai mu lura, Gazali ya yi dogon nazarin falsafar, har ya tsara ra'ayoyin masu ita a littafi guda, bai yi raddi da ka ba.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da malamansu: kafin a yarda da marubuci ko a ƙaryata shi, a fara neman tambayar da yake amsawa, a warware hujjarsa a takarda, kuma kada a ji kunyar neman sharhin wanda ya riga mu ganewa. Allah Ya ƙara mana basira, amin.