Nana Asma'u: Malamar da ta ɗora wa dattijan mata malfar jagoranci

An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793. 'Yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, kuma matar Waziri Gidado ɗan Laima. An fi saninta da waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa, sai dai aikin da ta yi wa matan karkara bai gaza su ba.

Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar gwauraye da tsofaffi da dama babu mai kula da su. A shekarun 1830 ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓo dattijan mata, irin waɗanda ake ganin sun gama zamaninsu, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Su ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa gidanta a ƙafa, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da tufafi, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Ba a biyan su ko wuri ɗaya. In sun koma gida, sai karantarwa da jinyar marasa lafiya da wankan gawa.

Ta rasu a 1864. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da aikin.