Bature Mai Magani: Dokta Andrew Stirrett da wa'adin da ya yi wa Ubangiji

'Yan'uwa cikin Kristi, Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ikkilisiya a ranar baftisma, ko ranar ɗaurin aure, ko lokacin miƙa yaro ga Ubangiji, ya ɗauki wannan kaya a kansa. A wannan darasi za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda ya ɗauki nasa kayan shekara 46 a ƙasarmu, bai sauke ba sai da mutuwa ta zo.

An haifi Andrew Park Stirrett a shekarar 1865 a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya kuma buɗe shagunan sayar da magani a birnin Toronto. Kasuwa ta karɓe shi, ya tara abin hannu. Yana da shekara talatin da 'yan kai sai wani ɗan littafi da Rowland Bingham ya rubuta ya faɗo hannunsa. Littafin yana bayani a kan miliyoyin mutanen ƙasar Sudan, wato yankinmu na kudu da Sahara kamar yadda ake kiransa a lokacin, waɗanda bishara ba ta kai gare su ba.

Zuwa wannan ƙasa a zamanin nan ba wasa ba ne. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake korarsa. Sai a 1902 ne ƙungiyar, wadda daga baya aka sani da SIM, ta samu ta kafa tasha a Patigi, a bakin kogin Kwara.

Stirrett ya san duk wannan labari. Duk da haka ya yi wa Allah wa'adi cewa zai ba da ransa domin wannan aiki. Bai jira shugabannin mishan su amince da shi ba tukuna. Ya rabu da shagunansa, ya miƙa dukiyarsa ga aikin bishara, ya shiga jirgin ruwa mai dakon shanu zuwa Liverpool a Ingila, inda ya koyi yadda ake jinyar cututtukan ƙasashe masu zafi. A ƙarshen 1902 ya iso Nijeriya yana da shekara 37. An karɓe shi ne a kan gwaji.

Daga Patigi ya koma Wushishi, a nan kuma zuciyarsa ta ɗauru ga Hausawa. Ya koyi harshen sosai. Gwamnatin Turawa ta hana 'yan mishan yin aiki a cikin manyan masarautu irin su Kano, Katsina da Sakkwato. Wani zai iya cewa tunda an rufe ƙofa, wa'adinsa ya warware. Stirrett bai ga haka ba. Ya lura fatake suna yada zango a kan hanyoyin ciniki, sai ya riƙa bin su can da yamma, yana duba marasa lafiya, yana yi musu wa'azi da Hausa. Fatake suka raɗa masa suna Bature Mai Magani, suka kuma kai sunan garuruwan da shi kansa ba a yarda ya shiga ba.

Ya yi wa abokan aikinsa hidima ta hanyar nacewa kowa ya riƙa shan kwinin kullum, abin da ya rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro a tsakaninsu. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Dokta Walter Miller na Zariya, aka buga shi cikakke a 1932. Ya kuma sa hannu wajen shirya waƙoƙin sujada na Hausa. Bai yi aure ba. Da tsufa ya zo bai koma Kanada ya huta ba, ya zauna a Jos yana wa'azi a kasuwa. A can ya rasu cikin watan Yuli na 1948. Shekara shida bayan haka, a 1954, ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. Bai ga wannan rana da idonsa ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mu ɗauka.

Na farko, Stirrett bai yi jinkiri ba. Littafin Mai-Wa'azi 5:4-5 yana gargaɗi kada mu yi nawa wajen biyan abin da muka yi wa Allah wa'adi, yana kuma koya mana cewa rashin yin wa'adi ya fi yinsa a ƙi cikawa. Wa'adin da aka ɗaga zuwa baɗi yakan mutu a hanya.

Na biyu, bai ɓoye wani kashi ba. Ku tuna Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Babu wanda ya tilasta musu sayar da filinsu. Zunubinsu shi ne sun nuna kamar sun kawo duka, alhali sun riƙe rabo. Allah bai umarci kowa ya sayar da shagonsa kamar Stirrett ba, amma abin da bakinka ya furta, shi za ka kawo.

Na uku, bai ɗaura wa'adinsa a kan ganin sakamako ba. Hannatu ta kai Sama'ila Shilo tun yana ƙarami, kafin ta san abin da zai zama. Haka Stirrett ya yi ta shuka a zangon fatake, mutanen da yawancinsu bai sake ganinsu ba.

A nan Gagarawa Tasha da kewayen Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, masu bi ba mu da yawa, saboda haka wa'adin mutum ɗaya idan ya faɗi, dukan ikkilisiya takan ji a jikinta. Na sha ganin wanda ya yi alkawarin buhun gero a lokacin da ruwa ya ɗauke, da kaka ta yi kyau sai ya yi shiru. Na ga matashi ya ɗaga hannu a taro cewa zai shiga aikin bishara, da aiki ya samu a birni magana ta wuce. Ni ma da nake rubuta wannan, akwai wa'adin addu'a da na ɗauka a makarantar tauhidi wanda na yi sakaci da shi, sai da na tuba na sake kamawa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a makon nan zauna ka tuna abin da ka faɗa wa Ubangiji a ranar baftismarka, da ranar aurenka, da ranar da kake kwance ba lafiya. Wanda ya rage, fara biya yau ko da kaɗan ne. Wanda ka karya, ka furta shi gaban Allah, gama akwai gafara cikin Yesu Kristi. Ubangiji wanda bai taɓa saɓa nasa alkawari ba ya ba mu alherin cika namu. Amin.